Kyautar Lambu Ga Mahaifiya

Idan Salla ta ƙarato, ko an gama girbi, kowa yana so ya kai wa mahaifiyarsa wani abu. Wani ya sayi turmin atamfa, wani ya sayi sabulu da goro. Amma ba kullum ake da kuɗi ba. Mutumin da yake da ɗan fili a bayan ɗaki zai iya haɗa kyauta da hannunsa, ba tare da ya je kasuwa ba.

Kyautar da ta fi amfani ita ce wadda za ta rage wa uwa wahala. A karkara, wahalar uwa takan ƙaru da rani da bazara. A lokacin nan ganye yakan yi wuya, kayan miya su yi tsada. Tsohuwa takan ci tuwo da miya tsararo, jikinta ya yi rauni. Saboda haka kyautar da aka tanada tun da damina ita ce take yin rana.

Garin zogale

Zogale ba ya da wahalar shuka. Ana iya shuka ƙwayarsa. Ana kuma iya yanko reshe mai kauri, mai tsawon kamu 2, a kafa shi a ƙasa da farkon damina. Idan ya kama, cikin 'yan watanni za a fara tsinkar ganye. Ganyen yana da abubuwan gina jiki masu yawa, har da masu taimaka wa jini da gani.

Ga yadda ake yin garinsa. A tsinko ganye da safe, a cire itatuwan. A wanke da ruwa mai tsabta, a bari ya tsane. Sai a baza shi a kan tabarma ko faifai a cikin inuwa, inda iska take shiga. Kada a shanya shi a rana, domin rana tana kashe wani sashe na amfaninsa, ta kuma dusashe korensa. A riƙa juya shi kowace rana. Bayan kwana 3 ko 4 zai bushe ƙayau. Idan an murza shi ya ruguje, to ya yi. A daka a turmi, a tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi. Uwa za ta riƙa zuba cokali 1 ko 2 a miya ko kunu, dab da za a sauke tukunya.

Kuɓewa, zoɓorodo da lalle

Kuɓewa ma ana busar da ita. A tsinko ta tun tana danya, kafin ta yi ƙarfi. A yayyanka ƙanana, a shanya a bisa rumfa, nesa da ƙura da kaji. Haka ake yi wa zoɓorodo bayan an ɓare shi. Wanda yake da bishiyar lalle sai ya busar da ganyen, ya daka, ya ƙulla daban. Da shi uwa za ta yi ƙunshin Salla.

A jera waɗannan abubuwa a cikin sabuwar ƙwarya, a rufe da faifai. Idan duman ma a gida aka shuka shi, kyauta ta ƙara armashi. Yana da kyau a rubuta sunan kowane abu da watan da aka yi shi a 'yar takarda, a manna a jikin kwalba. Ta haka za a san wanda ya kamata a fara ci.

Lambun buhu

Akwai uwar da ƙarfinta ya ragu, ba ta iya zuwa fadama. Irin wannan uwa sai a kawo mata lambu ƙofar ɗakinta. A sami tsohon buhu, a huhhuda gindinsa don ruwa ya riƙa fita. A gauraya ƙasa kashi 2 da ruɓaɓɓen takin dabbobi kashi 1, a cika buhun. Kada a sa ɗanyen taki, domin yana ƙone shuka. A yafa irin alayyafo ko lansir, a rufe da ƙasa kaɗan. A ajiye buhun inda hantsi yake samunsa.

Ban ruwa safe da yamma ya isa. Ruwan da aka wanke hatsi ko ganye da shi yana yi, amma ban da ruwan sabulu. Cikin mako 4 za a fara yankar alayyafo, idan an yanka kuma zai sake tohowa. A kewaye buhun da ƙaya ko guntun zana, saboda awaki. A kuma sa wani jika ya riƙa taya ta ban ruwa, don kada kyauta ta koma mata aiki.

Abin da za a kiyaye

Kada a busar da ganyen da aka fesa wa maganin ƙwari kwanan nan. A tambayi malamin gona kwana nawa za a jira. Kada kuma a zuba abinci a cikin kwalba ko gwangwanin da aka taɓa ajiye maganin ƙwari, ko da an wanke shi. Duk abin da ya yi fumfuna a zubar da shi. Zogale abinci ne. Idan uwa ba ta da lafiya, a kai ta asibiti.

Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wanda yake so ya kai wa mahaifiyarsa irin wannan kyauta da rani, to da saukar ruwan fari zai fara shiri. Ya nemi reshen zogale, ya tanadi iri, ya gyara danga. Allah ya sa a gama da iyaye lafiya.