Ina Za Mu Aje Kekunanmu?



Da yawa cikinku kuna tahiya ƙungiya bisa kekuna. Wasu kasuwar Maradi suke ci Litinin da Juma'a, wasu ta Damagaram ranar Alhamis, wasu ta Mirya ko ta Tawa ranar Lahadi. Keke dukiya ne. Sai an saida wake ko akuya kahin a same shi. Shi ke kai albasa kasuwa, shi ke kai maras lahiya likita. In ya ɓace, aikin shekara ya ɓace.

Kwaɗo shi kaɗai bai tsare keke. Abu ukku ke tsare shi: ido, ɗauri, da rubutu.

1. Ido

In kun isa kasuwa, kar kowa ya kama gabansa. Ku aje kekunanku wuri guda. Ku zaɓi hili inda mutane ke gani, kusa da rumhwar wanda kunka sani. Bayan gini da lungu wurin ɓarawo ne.

Ku sa mai tsaro, mutumen da mai gari ko sarkin kasuwa ya sani. Ku biya shi. Ga misali: ku 20 ne, kowa ya ba da dala 5, an samu dala 100. In babu kuɗi, ku yi karɓa-karɓa: yau wane, kasuwa mai zuwa wane. Kar ku bar ma ƙaramin yaro wannan aiki. Ana ruɗinsa da magana guda: a ce mai keken ne ya aiko.

Ku duba inuwa kuma. Cikin Afrilu da Mayu zahi na wuce digiri 40. Rana na sa taya ta tsattsage, iskar ciki ta kumbura har robar ta hwashe. Inuwar tsamiya da ta bedi suna da kyau. Aduwa da bagaruwa suna zubda ƙaya. Ku share tsidau kahin ku jera kekuna.

2. Ɗauri

Ƙaramin makullin da ke bisa ƙahwar baya shina hana a tuƙa keke, amma bai hana a ɗauke shi a aza ma amalanke. Saboda haka a nemi sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau.

A zura sarƙa cikin gangar jikin keke da ƙahwar baya, a ɗaure ga abin da ba ya cirewa: icce mai rai ko sandar ƙarhe da anka kahe da siminti. Kar a ɗaure ƙahwar gaba ita kaɗai. Noti biyu ke riƙe ta. Ɓarawo shina kwance su, ya bar maka ƙahwa, ya tahi da keke. Kar a ɗaure ga gajeren turke, ana zare sarƙar ta bisa.

In babu icce, ku haɗa kekuna ukku ko huɗu da sarƙa guda, kan wannan wajen bayan wancan. Mutum guda bai iya ɗaukarsu. Pampo da hitila kuwa, kowa ya cire nashi ya sa cikin jikka.

3. Rubutu

Nan ne karatun da kunka yi zai yi muku rana. Galibin kekuna suna da lamba da anka buga bisa ƙarhe. Ku kihe keken, ku duba ƙarƙashin inda feda ke juyawa, ko ƙasan sirdi. Ku sayi kaye guda na ƙungiya. A rubuta sunan mai keke, irin keken, ko Phoenix ne ko Peugeot, launinsa, da lambarsa. Takardar saye a ɓoye ta gida.

Ranar kasuwa, mai tsaro ya ƙirga kekuna da sahe, ya rubuta. A yanka kwali, a rubuta lamba iri guda bisa guntu biyu. Guda a ɗaura ga keke, guda a ba mai shi. Wanda bai kawo kwali ba, ba a ba shi keke sai ƴan ƙungiya sun shaide shi.

In an yi sata, ku gaya ma mai gari da jandarma ran nan, ku ba su lambar. Ku sanar da masu gyaran keke na kasuwannin kusa. Ɓarawo na canza launi, amma lamba tana da wuyar ɓatarwa. Ku ma kar ku sayi keke maras takarda, ko wanda anka goge lambarsa.

4. Ajiya ta kwanaki

In ƙungiya za ta gina wurin ajiya, a zaɓi tudu inda ruwan damana ba ya kwanciya. A yi ƙohwa guda, a yi ruhi mai kyau. Kowane keke shina son santimetir 60 na hwaɗi. Kekuna 20 ke nan layi biyu, kowane layi metir 6. Makulli ya zamna hannun mutum biyu da taro ya zaɓa.

Kar a aje keke cikin mangaza tare da takin zamani. Taki, tun ba ure ba, shina jan laima, ƙarhe ya yi tsatsa. Keken da zai daɗe ba a hau ba, a goge shi, a sa ma sarƙarsa mai, a rataye shi don taya kar ta lalace bisa ƙasa.

Ku karanta ma waɗanda ba su yi karatu ba wannan takarda. A taronku na gaba, kowa ya zo da kekensa, a buɗe kaye, a rubuta lambobi.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu damana mai albarka.