In An Rage Ɗan'uwanka A Wurin Aiki Alhali Yana Jinya

Jama'a, da yawanmu muna da ɗa ko ƙane da ke aikin kamfani a birni. Wani lokaci aiki yakan yi ƙaranci, sai kamfani ya rage ma'aikata. In ragin ya faɗa kan wanda ke kwance, neman hakkinsa ya koma wuyan dangi. Ga abin da mai tsaya masa ya kamata ya sani.

Abin da doka ta ce

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ta shafi leburori da akawu. Sashe na 20 ya ce kamfani ya sanar da ƙungiyar ma'aikata dalilin ragin. Wanda aka ɗauka a baya-bayan nan shi ake fara ragewa, amma ana duba ƙwarewa da riƙon amana. Kuma kamfani ya yi iyakar ƙoƙarinsa a daidaita kan kuɗin sallama.

Akwai kuma notis. Wanda ya wuce wata 3 yana aiki amma bai kai shekara 2 ba, notis ɗinsa mako 1 ne. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Daga shekara 5 zuwa sama, wata 1. In ba a ba da notis ba, a biya kuɗinsa. Misali, mai albashin N70,000 da ya shekara 6 yana bin N70,000 kuɗin notis.

Mara lafiya yana da albashin kwana 12 na aiki a shekara, in likita ya ba shi takardar shaida.

Abin da za ka fara yi

Mara lafiya ya ba ka takardar da ke cewa ya wakilta ka, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Sai ka tara takardar ɗaukarsa aiki, da na biyan albashi, da ta likita, da ta sallama. Ka ba kamfani kwafi, ka riƙe na asali.

Takardar sulhu

Sau da yawa kamfani yakan kawo takardar sulhu. Yakan ba da wasu kuɗi, shi kuma ma'aikaci ya yarda ba zai ƙara neman komai ba. Nan ne wurin lura. Mai jinya yana bukatar kuɗin magani, saboda haka yana iya karɓar kaɗan ya bar mai yawa. In an sa hannu, warwarewa tana da wuya.

Kada a sa hannu ranar da aka kawo ta. Ku tafi da ita gida, wanda kuka amince da shi ya karanta, ya fassara. Ku duba ko an rubuta waɗannan:

1. Ragowar albashi.
2. Kuɗin notis.
3. Kuɗin hutun shekara da bai tafi ba.
4. Kuɗin sallama.
5. Ranar da za a biya.

In aikin ne ya jawo ciwon, akwai diyya dabam a ƙarƙashin dokar 2010, ta hannun hukumar NSITF. Kuɗin asusun fansho ma nasa ne. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba ya cire kashi 25 cikin 100 in ya yi wata 4 bai sami wani aiki ba.

In an kasa daidaitawa

A fara da shugabannin ƙungiyar ma'aikata. In bai yiwu ba, a je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku. Daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a Kano da Kaduna da wasu garuruwa.

Mai karatu, ka karanta kafin ka sa hannu. Abin da ba ka gane ba, ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata.