Kwanciyar Barci da Lafiyar Maraina: Gargaɗi ga Iyaye da Samari

A garin Betso, cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa, kamar sauran garuruwan da ke kusa da duwatsun Mandara, ɗarin asuba ya kan tsananta daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. A irin wannan lokaci wani saurayi ya kan farka da matsanancin ciwo a marainansa, iyaye su ce mugun kwanci ya yi, a bari gari ya waye. Wannan jira shi ne babban hatsari.

Shin kwanciya tana da laifi?

Namiji mai lafiya yana iya kwanciya rigingine, ko a gefe, ko rub da ciki, ba tare da marainansa sun cutu ba. Abin da maraina ba su so shi ne zafi mai ɗorewa. An halicce su a wajen ciki domin su fi sauran jiki sanyi da kamar digiri 2 zuwa 3, gama sai da haka su ke iya yin ƙwayoyin maniyyi masu kyau. Saboda haka ya fi kyau a kwana da sakakken wando, kuma kada a kusanto da kaskon wuta jikin shimfiɗa.

Murɗewar maraina

Kowane ɗan maraina yana rataye da wata igiya wadda jijiyoyin jini ke bi ta cikinta. Akwai yaran da a kan haifa nasu bai ɗauru sosai a cikin jakarsa ba, yana lilo kamar ƙararrawa. Wata rana sai ya juya, igiyar ta murɗe, jini ya daina isa gare shi. Wannan shi ne asalin cutar. Ba mugun kwanci ba ne, ba sammu ba ne, ba kuwa alamar yaro ya yi lalata ba ce.

Ta fi kama samari masu shekara 12 zuwa 18, kuma sau da yawa cikin barci ta ke aukuwa. Sanyi ma yana da hannu, domin ya kan sa naman da ke jan maraina sama ya tsuke. A shekarar 1986 Likita Mabogunje na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya bayyana cewa masu wannan cuta sun fi zuwa asibiti a lokacin hunturu.

Alamunta

1. Ciwo mai tsanani farat ɗaya a gefe guda, har ya ta da mai barci.
2. Tashin zuciya ko amai.
3. Kumburi, ko ɗan maraina ɗaya ya haye sama fiye da ɗan'uwansa.
4. Ciwon mara. Yaro mai kunya ya kan ce cikinsa ne ke ciwo kurum, don haka wajibi ne uba ko wa ya keɓe shi ya tambaye shi.

Awa shida

Idan aka yi aiki cikin awa 6 da fara ciwo, galibi a kan ceci ɗan marainan. Bayan awa 12 abin ya zama rabi da rabi. Bayan awa 24 kuwa da wuya ya rayu, sai dai a cire shi. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe. Wanda ciwo ya ta da shi da ƙarfe biyun dare a Betso bai kamata hantsi ya same shi a gida ba.

Abin da za a yi

A nemi abin hawa nan take a nufi asibitin da a ke yin tiyata a garin Mubi. Idan an fara zuwa ƙaramin asibitin ƙauye, a faɗa wa malamin asibiti ainihin lokacin da ciwon ya soma, a karɓi takarda a wuce. Kada a ba yaro abinci ko abin sha, domin mai yiwuwa a sa shi barci a yi masa aiki. Kada a gasa wurin da ruwan zafi, kada a murza, kada a kai wa wanzami ya yi tsaga. Maganin kashe zafi na kemis yana rufe ciwo ne kawai, alhali lokaci yana wucewa.

Likita zai warware igiyar, sa'an nan ya ɗinke maraina duka biyu a mazauninsu don kada abin ya sake faruwa. Ko da an cire ɗaya, wanda ya rage ya kan isa mutum ya yi aure ya haihu. Wanda ciwon ya kan taso masa ya lafa da kansa, shi ma ya ga likita, gama yana yiwuwa igiyar ce ke murɗewa tana warwarewa.

Ana roƙon iyaye, da malaman tsangaya, da masu kula da ɗakunan kwanan ɗalibai, su sanar da yaran da ke hannunsu cewa babu kunya ga ciwo, kuma duk wanda ya ji irin wannan cikin dare ya ta da babba nan da nan.