Manganis: Daga Ganyen Masara Zuwa Maganaɗisu

Ni ɗan Dayi ne, kuma a wajenmu, daga Malumfashi har Funtua, in ana zancen taki NPK da yuriya kawai za ka ji. Amma in babu manganis, masara ba ta kai labari. A cikin koren ganye akwai wani ɗan curi mai ƙwayar zarra 4 na manganis, 1 ta kalsiyam da 5 na oksijin. Shi ke fasa ruwa da ƙarfin hasken rana, oksijin ɗin da muke shaƙa ya fito.

Ana harhaɗa dangin wannan curi a ɗakin gwaji. A 1980 Tadeusz Lis na ƙasar Foland ya haɗa famanganet, ruwan nan shunayya da 'yan SLT ke taitireshan da shi, da manganis asitet a cikin asid ɗin binega. Ya samu curi mai manganis 12: 4 a tsakiya, 8 a kewaye, asitet 16 na ɗaure da su. A 1993 Roberta Sessoli da abokan aikinta a Italiya suka nuna cewa kowane curi maganaɗisu ne mai zaman kansa. Na tsakiya na jan gefe guda, na kewaye na jan kishiyarsa, sai masu yawan su rinjaya.

Burin masana shi ne a adana bayanan kwamfuta a curi guda. Matsalar ita ce, sai a sanyin kusan digiri 270 ƙasa da sifili yake riƙe ƙarfinsa. Wanda ya warware wannan, ko ya kwaikwayi ganye ya tatsi makamashin haidurojin daga ruwa, duniya za ta san da shi.