Maganar Ƙarancin Gwanayen Magina

Ya ku malamai da attajirai, ku sani kukan da ake yi a Kano da Zariya, cewa gwanin magini ya yi wuya, asalinsa yankewar koyo ne.

A da gini sana'ar gado ce, tana da Sarkin Magina mai tsawata wa 'yan sana'a. Yaro yakan fara da ɗaukar ƙasa da cuɗa ta, ya daɗe yana jefa wa ubangidansa tubali a bisa katanga, kana a yarda ya ɗora ko da guda. Sai ya rarrabe ƙasar da ta ruɓa da ɗanya, ya iya jera azarar giginya wadda gara ba ta ci, ya san makubar da ake yi da ɓawon ɗorawa don shafe. Bakan gizo da ɗaurin guga kuwa sai wanda ya manyanta a cikin aikin. Ta wannan hanya aka sami Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, mai sarauta daga 1834 zuwa 1846. Bakunansa na nan tsaye har yanzu, ko da yake an kewaye su da sabon gini.

Da siminti ya rinjayi ƙasa, ba a tsayar masa da irin wannan tarbiyya ba. Lebura ya yi 'yan watanni yana kwaɓa, sai ya sayi cokali da igiya, ya ce shi ma magini ne. Samari da yawa sun zaɓi tuƙin a daidaita sahu, domin kuɗinsa kullum ne. Har ta kai masu hali na ɗauko mutanen Togo da Benin su sa musu tayil.

Amma ku attajirai, da hannunku a ciki. Mai gida ya matse jinga, ya ce buhu guda ya fitar da bulo fiye da ƙima, to, yashi zai cike gurbin. Kankare kuwa yana son a riƙa ba shi ruwa kwana 7 aƙalla, ƙarfinsa ba ya cika sai wajen kwana 28. Mai gaggawar tarewa sai ya sa a zare katako tun bai kama ba. Gwani na gaskiya ba ya karɓar irin wannan aiki, sai ya bar wa mai sabon cokali, damina ta farko kuma ruwa ya sami hanya ta tsagar bango.