Mahaɗai a Gaban Alƙali: Matsayin "Da" da "Ko" a Lafazin Doka

1.0 Gabatarwa

Masana nahawu kan bayyana mahaɗi da cewa kalma ce mai ƙulla kalma da kalma, ko yankin jimla da ɗan'uwansa, kamar "da", "ko", "kuma" da "amma". Da wuya ake tsayawa a kan waɗannan ƙananan kalmomi a aji, alhali kuwa a gaban shari'a sukan raba mai haƙƙi da haƙƙinsa. Wannan maƙala za ta nuna cewa abin da kotu ke bincike shi ne iyakar abubuwan da mahaɗi ya ƙulla, kuma daga sauran lafazin doka take samo amsa.

2.0 Tushen Matsalar

A ƙaddara wani dattijo a Tsaskiya, cikin ƙasar Safana, ya bar wasiyya kamar haka:

(1) A ba 'ya'yan Audu da Garba gonata ta bakin rafi.

Jimlar tana ɗaukar fassara biyu:

(2) A ba 'ya'yan Audu da 'ya'yan Garba.
(3) A ba 'ya'yan Audu, da kuma shi Garba kansa.

Idan Audu na da 'ya'ya 3, Garba na da 2, fassarar (2) za ta raba gonar tsakanin mutum 5, Garba bai sami kome ba. Fassarar (3) kuwa za ta raba ta tsakanin mutum 4, 'ya'yan Garba su tashi hannu banza. Ma'anar "da" ɗaya ce a duka biyun. Inda ƙullinta ya fara ne ya bambanta.

3.0 Shari'ar Zaɓen 2023

Irin wannan ƙulli ne ya kai har Kotun Ƙoli ta Nijeriya. Sashe na 134 na Tsarin Mulkin 1999 ya shar'anta cewa mai neman shugabancin ƙasa sai ya sami rubu'in ƙuri'u a aƙalla sulusi biyu na dukan jihohi da Babban Birnin Tarayya, Abuja. Mahaɗin da ke wurin shi ne "and" na Ingilishi. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 Bola Tinubu ya sami kimanin kashi 19 cikin 100 a Abuja, watau bai kai rubu'i ba. Masu ƙara suka ɗauki fassara irin ta (3), cewa Abuja sharaɗi ne mai zaman kansa. Waɗanda ake ƙara suka ɗauki irin ta (2), cewa a haɗa jihohi 36 da Abuja su zama 37, sannan a fitar da sulusi biyu.

Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, ƙarƙashin Mai Shari'a Haruna Tsammani, ta goyi bayan fassara ta biyun ran 6 ga Satumba 2023, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar ran 26 ga Oktoba. Hujjar ta fito ne daga wajen jimlar: sashe na 299 ya ce a ɗauki Abuja tamkar ɗaya daga cikin jihohi, kuma Tsarin Mulki bai fifita ƙuri'ar mazaunin Abuja a kan ta mutumin Katsina ko Kano ba.

4.0 Mahaɗin "Ko"

Dangane da "ko", Dokar Fassara ta 1964, a sashe na 18, ta tanadi cewa a ɗauki takwararsa ta Ingilishi a matsayin mai rarrabewa. Malaman usulul fiƙhu sun daɗe da tattauna wannan a babin haruffan ma'ani. A ayar hukuncin fashi, Suratul Ma'ida aya ta 33, an jera hukunce-hukunce da harafin "au". Imam Malik ya ɗauke shi harafin zaɓi, watau shugaba ya duba abin da ya fi maslaha, sai fa idan ɗan fashin ya yi kisa. Imam Shafi'i kuwa ya ɗauke shi harafin rarraba, kowane hukunci da gwargwadon laifinsa. Harafi ɗaya ne, amma ran mutum na iya rataya a kansa.

5.0 Kammalawa

Darasin da ke nan na masu fassara doka ne da masu rubuta wasiyya ko takardar ciniki. Hausa tana da hanyoyin warware ƙullin tun kafin a je kotu. Mai nufin (2) sai ya ce "'ya'yan Audu da na Garba", mai nufin (3) kuma ya gabatar da sunan, ya ce "da Garba da 'ya'yan Audu". Amma inda asalin doka yake da harshen damo, wajibi ne mai fassara ya nemi hukuncin kotu kafin ya zaɓi ɗaya, domin idan ya zaɓa da kansa ya hau kujerar alƙali ba tare da an naɗa shi ba.