Kalmomin Tafiya a Turanci: Inda Bahaushe Ke Yin Tuntuɓe

Kullum da sassafe motoci ke kwasar ma'aikata daga Kwamba da sauran unguwannin Suleja, su wuce Dutsen Zuma da Madalla, su ratsa Zuba zuwa Abuja, da yamma kuma su dawo da su. Wanda ke wannan kai-komo zai ce "aiki nake zuwa Abuja," magana ta ƙare. Ranar da ya zo rubuta haka da Turanci, a takardar neman aiki ko a jarrabawar NECO, sai ya rubuta travel, alhali ita ta fi nufin balaguro mai ɗan nisa. Zirga-zirgar kullum tsakanin gida da wurin aiki kalmarta daban, commute ake cewa. Irin wannan tuntuɓe na da tushe: Hausa da Turanci ba wuri ɗaya suke ajiye bayanin motsi ba.

Hausa a ƙarshen aikatau take nuna alƙibla. Fita da fito, shiga da shigo, sauka da sauko, koma da komo: wasalin "o" kaɗai ya isa ya shaida cewa motsin ya nufo mai magana. Masanin nan F. W. Parsons, da ya rarraba aikatau na Hausa aji bakwai a 1960, wannan shi ne ajinsa na 6. Turanci ba shi da wannan dabara, sai dai ya sauya kalma ɗungurungum. Fita go out, fito come out. Kawo bring, kai take. Aikin da ya haɗa biyun, wato je ka ɗauko, shi ne fetch. Haka ma ƙaurar ƙasa da ƙasa: wanda ya bar Nijeriya ya koma Ingila, a idon na gida emigrate ya yi, a idon mutanen can kuwa immigrate, mutum ɗaya, tafiya ɗaya.

Shahararren kuskuren "I am coming" ma batun alƙibla ne. Bahaushe na miƙewa zai fita ya ce "ina zuwa," kowa ya san yanzu zai dawo. Bature da ya ji an ce ana zuwa, ga shi kuma ana juya masa baya, sai ya rasa gane kan zancen. Abin da ya saba ji shi ne "I will be right back."

A tasha ma akwai irinsu. Fasinja kan ce wa kwandasta "I will drop here," amma a daidaitaccen Turanci direba ne ke yin drop, wato ya sauke. Mai sauka get off yake yi. Wanda ya ce wa abokinsa "I will follow you to Minna" yana nufin tare za su tafi, kamar yadda muke cewa "zan bi ka," sai dai follow bin baya ne kawai, tafiya tare kuwa go with. Rakiyar baƙo zuwa bakin titi see off ce. Escort ta fi kama da rakiyar 'yan sanda ga ayarin gwamna. A kasuwa da tasha kowa zai fahimta, babu laifi. Mai makin jarrabawa ne ba zai ɗaga ƙafa ba.

Inda Turanci ya fi baje kolinsa shi ne yanayin tafiya. Mu mukan riƙe kalmar "tafiya" mu ƙawata ta da amsa-kama: yana tafiya tinƙis-tinƙis, ya shigo saɗaf-saɗaf, ta tashi zumbur. Turanci cikin aikatau ɗin yake cusa wannan. Walk tafiyar ƙasa ce zalla. Stroll takawa ce a natse don shan iska. Limp ɗingishi, crawl rarrafe, creep sanɗa, stagger tangaɗi, march macin soja. Trek kuwa, da ake yawan faɗi a Nijeriya ko zuwa shagon bayan layi ne, asalinta doguwar tafiya ce mai gajiyarwa, irin ta fatake.

Rukuni mafi nauyi shi ne na barin gari, domin a nan kalma na bayyana ko da son rai aka tashi ko dole ce ta sa. Tarihin Suleja kansa ya ishe mu misali. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya ne saboda yaƙin jihadi a farkon ƙarni na 19. Wannan flee ne, gudun tsira. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, jama'a suka yi settle, suka zauna daram. A 1976 gwamnatin Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni, wanda ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Lokacin da fadar gwamnati ta baro Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991, relocate ta yi, ƙaura mai tsari. Gbagyi da sauran mazauna ƙauyukan da aikin birnin ya tasa kuwa, an yi displace ɗinsu, waɗanda aka sake wa matsuguni kuma resettle. Duk wanda ya rubuta cewa migrate suka yi, ya shafe dolen da ke cikin labarin, ya mayar da su tamkar 'yan ci-rani. Wannan ya wuce kuskuren nahawu, ya taɓa gaskiyar tarihi.

Saboda haka ɗalibi da malami su daina haddace kalma ɗaya gaban kalma ɗaya. Kafin a zaɓi aikatau na motsi, a yi tambaya uku: ina aka nufa, yaya aka tafi, kuma wa ya so tafiyar? Sannan a duba ƙamusun da ke kawo misalin jimla, domin cikin jimla ake gane halin kalma. Yaron da ya iya bambanta fita da fito tun yana shekara uku ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Nuna masa inda Turanci ke ajiye nasa bambancin kawai ya rage.